Neman Hoton Kaka

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarar da na yi hidimar ƙasa, kuma yawancinsu sun soma dusashewa, har akwai waɗanda ban tabbata ko yadda nake tuna su haka suka faru ba. Amma akwai guda ɗaya da nake jin ko tsufa ya kwashe mini komai, shi ba zai iya ɗauke shi ba. Labarin wani mai gyaran babur ne da ya zo laburarenmu neman hoton kaka.

Laburaren ƙarami ne, a saman wasu shaguna a gefen Aboabo, wata unguwa a Kumasi. Littattafai ba su da yawa, amma muna da 'yan kwamfutoci da wasu masu alheri suka bayar, kuma idan akwai wuta intanet ɗin yana tafiya daidai gwargwado. Shugabarmu wata dattijuwa ce 'yar Asante da ta kusa ritaya, kowa Anti yake ce mata. Ni kuwa daga jami'a na fito kai tsaye, kaina cike da ƙa'idoji, cikina cike da tsoro. Aikin da aka ba ni shi ne in koya wa masu zuwa yadda ake bincike: yadda ake zaɓar kalmomin da za a rubuta, yadda ake shiga ma'ajiyar tsofaffin jaridu da hotuna, yadda mutum zai gane abin da za a dogara da shi da wanda ba za a dogara da shi ba. An nanata mana a makaranta cewa kada mu nemo wa mutum abu mu miƙa masa, mu koya masa ya nemo da kansa. Na riƙe wannan kamar farilla. Kafin in yi wa ɗalibi bayani ɗaya, sai na maimaita shi a zuciyata tun daga cikin tirotiro, motar hayar da nake hawa, kuma ko da na gama bayanin sai in yini ina tunanin ko na faɗi wani abu ba daidai ba.

Yawancin masu zuwa ɗalibai ne. Shi ya sa na lura da shi tun daga bakin ƙofa. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, gajere, mai faɗin kafaɗa, ya wanke hannunsa sosai amma baƙin mai ya ƙi fita daga gefen faratansa. Ya tsaya ya tuɓe takalmansa kamar zai shiga masallaci. Na ce masa ba sai ya cire ba, ya ce a'a, wurin karatu ne. Na san fuskarsa, shagonsa yana kan hanyarmu ta gida, kuma Masta ake kiransa kamar sauran masu shagon gyara.

"Malama, sannu da aiki. An ce nan ana samun tsohon hoto. Ka taimake ni."

Ban ji komai ba da ya ce mini "ka". A zangonmu na Kumasi haka mutane da yawa suke magana, musamman waɗanda iyayensu suka zo daga arewa da wani harshen a bakinsu suka ɗauki Hausa a kasuwa. Na girma ina jin hakan, kunnena ya saba.

Na ba shi kujera, ya zauna a bakinta, ya ba ni labari. Mahaifiyarsa tana da ciwon ido, irin wanda ba ya gyaruwa. Ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma likita ya ce yana rufewa a hankali, magani sai dai ya rage masa gudu.

"Yanzu mamana ba ya maganar komai sai kakana," in ji shi. "Kakana ya rasu tun mamana yana ƙarami. Ya ce in ya zauna shiru yana jin murya, amma fuska ya ɓace mishi. Ya ce yana so ya ga fuskan sau ɗaya kafin ido ya gama tafiya."

Na tambaye shi ko akwai hoto a dangi. Ya ce babu ko ɗaya. Abin da kawai suke da shi shi ne wani labari da tsohuwar take yawan bayarwa: wata rana, a zamanin Turawa, wani Bature ya zo rumfar goro da abin ɗaukar hoto mai ƙafafu, ya ɗauki mutane. Ita ta ji tsoro ta ɓuya bayan buhuna, amma kakan ya tsaya an ɗauke shi.

"Kakan naka me yake yi a rumfar?"

"Shi ke da wajen. Babban mai goro ne. Kowa ya san shi."

Nan take na ga mutumin a idon zuciyata: dogo, da babbar riga da rawani, yana zaune kan buzu, buhunan goro jere a bayansa. Na rubuta a kaina cewa attajirin goro muke nema.

Sai kuma tsorona ya tashi. Na shiga yi masa bayani cewa ba zan iya yi masa alkawari ba. Wataƙila hoton ya ɓace, wataƙila yana cikin wani akwati a Turai ba a sa shi a intanet ba, wataƙila an sa shi amma babu suna a jikinsa, wataƙila ma ba a wanke shi ba tun farko. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi.

"Malama, in ni na ce ma mai babur wataƙila birki zai kama, kana gani zai hau?"

Anti da ke can teburinta ta tuntsire da dariya, ko da yake Hausarta ba ta da yawa. Ni dai kunya ta kama ni, na ce to mu fara.

Ya riƙa zuwa bayan la'asar, ba kullum ba, sai ranar da aiki ya yi sauƙi. Yana iya haɗa haruffan boko a hankali, amma Turancinsa na kasuwa ne, na magana ba na karatu ba. Ranar farko linzamin kwamfuta muka yi ta fama da shi. Hannun da ke kwance injin babur ba tare da ya duba ba, sai ga shi ya kasa sarrafa ɗan abin roba. Yakan danna da ƙarfi kamar yana ɗaure noti. Amma bai yi fushi ba ko sau ɗaya, kuma ban taɓa koyar da mai yawan tambaya kamarsa ba.

Na nuna masa wata ma'ajiyar tsofaffin hotuna ta wata jami'ar waje, wadda kowa zai iya shiga. Na ce masa injin ba ya ganin hoton, abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton kawai yake karantawa, don haka dole mu yi tunanin kalmomin da Baturen da ya rubuta zai yi amfani da su, ba waɗanda mu muke amfani da su ba. Muka rubuta sunan Kumasi da goro, abu kaɗan ya fito. Sai na nuna masa cewa Turawan zamanin da suna rubuta sunan garin nan ta hanyoyi daban-daban, wasu ma da harafin da ba za ka taɓa zato ba, haka goro, haka zango. Da muka canja rubutun sai hotuna suka ƙaru.

Ya matso da kujerarsa. "Tsaya. Wato shi bai san gari ɗaya ne ba?"

"Bai sani ba, Masta. Sai ka gaya masa."

"Ah, to na gane shi. Kamar kayan gyara ne. Abu ɗaya, a Aboabo suna ɗaya, ka je wajen masu sayarwa suna daban, a jikin kwali kuma suna daban. In ba ka san ukun ba, sai ka dawo ka ce babu, ga shi kuwa a gabanka."

Tun daga ranar na ari wannan misalin nasa, har yau da shi nake koyarwa.

Da hotunan suka yi yawa, sai na zo kan darasin da na fi alfahari da shi, wato taƙaita bincike. A gefen shafin akwai wasu ƙananan akwatuna da ake dannawa don a rage abin da zai fito: na gine-gine, na gonaki, na yara, na maza, na mata. Na ce masa idan abu ya yi yawa, a rage shi. Na danna akwatin maza, na ƙara kalmomin Turanci na attajirai da fatake da shugabannin kasuwa. Hotunan suka ragu, suka zama waɗanda za a iya bi ɗaya bayan ɗaya. Ban fassara masa sunan akwatin ba, ina jin saboda a ganina abin a fili yake. Shi kuma ya haddace wurin da akwatin yake. Bayan 'yan kwanaki ya iya komai da kansa: ya kunna, ya shiga, ya rubuta kalmomin da yatsa ɗaya, ya danna akwatin nan ba tare da ya taɓa mantawa ba. Ina daga nesa ina kallonsa ina jin daɗi, ina cewa a raina ga ɗalibi.

Sai dai akwai wani abu da yake yi wanda ya riƙa ba ni mamaki. Idan hoto ya buɗe, ga attajiri a tsakiya da rawaninsa yana kallon mai ɗauka, Masta ba ya ko duban fuskarsa. Sai ya tafi gefe. Ya ƙara girman kusurwar hagu, ya bi ta a hankali, ya koma ta dama, ya leƙa bayan buhuna, ya leƙa inuwar rumfa, inda ba a ganin komai sai wani rabin mutum ko gwiwar hannu. Ya daɗe a nan, sannan ya girgiza kai ya wuce.

Na yi ta saƙa dalilai. Na ce ko rumfar yake son ya gane, ko wani gini da har yanzu yake tsaye. Na ce ko mahaifiyarsa yake nema a inda ta ce ta ɓuya. Har na taɓa tunanin ko a al'adarsu ba a ƙura wa babba ido, ko da a hoto ne. Wannan tunanin ya burge ni sosai, har na so in karanta wani abu a kansa. Na gaya wa Anti. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, da Turancinta mai gauraye da yarensu na Twi, "Mutumin yana zaune a gabanki. Me zai hana ki tambaye shi?" Na ce ina tsoron kada ya ɗauka ina nufin bai iya ba, ya ji kunya ya daina zuwa. Ta ce to ki ci gaba da karanta shi kamar littafi.

Makonni suka wuce. Muka bi duk hotunan da suka fito, muka koma wata ma'ajiyar, muka duba tsofaffin littattafan da aka ɗora a intanet. Wasu hotunan yakan ɗauka a wayarsa ya kai gida, ya dawo ya ce tsohuwa ta ce ba wurin ba ne. Wata rana ya zo jikinsa a sanyaye. Ya ce da safe tsohuwar ta zo zuba koko a kofi ta zuba a ƙasa, kuma ta kira jikarta da sunan wata, ga yarinyar a tsaye kusa da ita.

"Yanzu kamar ta ramin makulli yake gani," in ji shi. "Ramin kuma yana ƙara ƙanƙancewa."

Ranar na koma gida ina ta tunanin tsohuwar. Na soma shirya maganar da zan gaya masa, cewa mun yi iyakar ƙoƙarinmu, cewa ba duk abin da aka ɗauka ne ya tsira ba. Na gyara jimlolin, na sake gyarawa, ina neman yadda zan ce babu ba tare da na ce babu ba. Amma kafin in faɗa, na ga ya kamata in yi abu ɗaya da aka koya mana, wanda na yi shi a gaggauce ranar farko: in sake zama da shi in ji labarin tun daga tushe, ko akwai wata 'yar alama da za ta ba mu sabuwar kalma. Ko wata bishiya a wurin, ko ma'auni, ko jirgin ƙasa.

Da ya zo na ce kada ya kunna kwamfuta tukuna. Na ce ya ba ni labarin ranar Baturen kamar yadda Mama take bayarwa, kada ya tsallake komai, ko abin da yake ganin ba shi da amfani.

Ya gyara zama. Ya ce ranar an kawo sabon goro daga daji, ana ta zubewa ana tsincewa, ana jera ganye a kwanduna. Sai ga Bature da wani mai yi masa tafinta. Yara suka watse. Tafinta ya ce kowa ya tsaya yadda yake, kada a motsa.

"To kakana yana goye da ƙanen mamana a baya. Yaron ya ga Bature ya fasa kuka, ya ƙi shiru. Bature yana jira, kowa yana jira. Sai kakana ya kwance zani, ya juyo da shi gaba, ya ba shi nono. Shi ne yaron ya yi shiru aka ɗauka."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "Wa ya ba shi nono?"

"Kakana."

"Masta, kakan nan naka... mace ce?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko babur yana da taya. "Maman mamana. To da me zai zama?"

A gidanmu, mu da kakanninmu suka zo daga Kano tun da daɗewa, an rene mu da bambanta "ya" da "ta", kuma tsohuwar gidanmu ba ta barin kuskure ya wuce ko a bakin ɗan yaye. A waje kuma na saba da Hausar zango, ina gyara ta a kaina ba tare da na sani ba. Duk lokacin da Masta ya ce "mamana ya ce", kunnena yana mayar da shi "ta ce", domin mama ai mace ce. Da ya ce mini "ka", na mayar da shi "ki". Amma kalmar kaka ba ta nuna mace ko namiji. Babu abin da zai tayar da kunnena ya yi gyara, sai na karɓi "kakana" da "shi" yadda suke a littafi. Goron kuma ya ƙarasa sauran, don a kaina babban mai goro rawani yake naɗawa.

Na ce, a hankali, "Amma ai ka ce shi."

"To shi ɗin ne mana." Sai ya tsaya, ya dube ni, na ga abin ya faɗo masa. Ya soma dariya, irin wadda take fara girgiza kafaɗa kafin a ji sautinta. "Malama, kai ma ai kai nake ce maka. Ka taɓa zama namiji?"

Anti ta taso tana tambayar me ya faru. Da na fassara mata sai da ta nemi kujera. Ta ce su ma a Twi ba su da wannan bambancin, da ita aka tambaya da tuni ta ce mace ko namiji.

Ni dariyar ba ta zo mini da wuri ba, ina ta tuna makonnin da suka tafi da idon tsohuwa a cikinsu. Na nuna masa akwatin da yake dannawa kullum, na ce, "Ka san abin da aka rubuta a nan? Maza. Duk ranar da ka danna shi, kana ce wa injin ya ɓoye maka mata." Sannan na tambaye shi abin da ya kamata in tambaya tuntuni: da yake ganin maza kawai suna fitowa, me ya sa bai yi magana ba?

Ya daina dariyar. Ya ce, "Na ɗauka Bature ba ya rubuta mata. Na ɗauka sai an nemo mazan, sannan a duba bayansu."

Abin da yake yi ke nan a kusurwoyin hotuna. Duk tsawon lokacin nan yana neman kakarsa a inuwar rumfa, a bayan waɗansu.

Na miƙa hannu zan ja allon rubutun kwamfutar gabana, sai na fasa. Na ce ya yi da kansa. Ya cire alamar daga akwatin maza, ya nemi na mata ya danna, yana karanta haruffan a fili don kada a sake. Da kalmomin attajirai babu abin da ya fito. Na ce to yanzu me za mu yi? Ya yi ɗan tunani ya ce, "Bature ya zo ya ga mata a ƙasa suna tsince goro. Bai san wa ke da wajen ba. Zai rubuta abin da ya gani." Ya tambaye ni Turancin tsincewa da na wankewa da na kwando, na faɗa masa, ya rubuta da tsohon rubutun sunan garin.

Hotuna kaɗan ne suka fito, ba su cika shafi ba. Dukkansu mata ne a zaune cikin tulin goro, kuma a ƙarƙashinsu an rubuta ma'aikata ne. Babu suna ko ɗaya. A biyu daga ciki akwai mata masu jarirai a cinya. Masta ya daɗe yana kallo, wannan karon a tsakiyar hoton. Ya ce shi bai taɓa ganinta ba, ba zai iya cewa komai ba, sai Mama.

Washegari da hantsi ya kawo ta a tasi. Na ce bari in sauko mata da kwamfuta ƙasa, ta ce a'a, tana so ta ga inda ɗanta yake ɓata tun kwanaki, don ta fara zargin ko aure yake nema. Ta hau matakalar a hankali, hannunta ɗaya a bango, ɗaya a kafaɗarsa. 'Yar siririya ce, da tsage a kumatu, ta yafa farin mayafi. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa kaina ta ce, "Kai ne malamin? Allah ya yi maka albarka. Ya ce kana da haƙuri, amma kana da tsoro."

Na riga na shirya tun da safe. Na aro majigi daga makarantar da ke kusa, na rufe tagogi, na haska hoton farko a bango, ya cika shi daga sama har ƙasa. A tunanina mai raunin ido babban abu yake buƙata. Ta zauna ta ɗaga kai, ta juya shi hagu, ta juya dama, sannan ta ce ba ta ganin komai sai toka-toka. Na ce a raina mun makara.

Masta ne ya ce, "Malama, ya yi girma. Ramin makulli ne. Rage shi."

Muka kashe majigin, muka zaunar da ita gaban kwamfuta. Shi ya riƙe linzamin. Ya rage hoton har fuska ɗaya ta zama kamar tafin hannun yaro, ya riƙa kawo mata matan ɗaya bayan ɗaya zuwa daidai inda take gani. Hoton farko ta ce ba rumfarsu ba ce. A na biyu ta ce ya tsaya. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, sai ta yi wata 'yar dariya.

"Wannan maƙwabcinmu ne. Mai faɗa. Kullum yana korar mu daga bakin kwandonshi. Ka gan shi, ko a hoto bai saki fuska ba."

Masta ya ja linzamin. Ya matsa zuwa ta gaba, wata dattijuwa, ta ce ba ta tuna ta ba. Ya matsa kuma. Wata mace ce a zaune kan ƙaramar kujera, ta fi sauran tsawo, jariri a ƙirjinta, ta rufe shi da gefen zani, hannunta ɗaya yana kan bakin wani babban kwando. Ba ta sunkuyar da kai ba kamar sauran, tana kallon mai ɗaukar hoton kai tsaye, kamar tana jira ya gama ta koma aikinta.

Tsohuwar ta ƙara matsowa. Ta ɗaga yatsa ta taɓa gilashin daidai kumatun matar, ta bi tsagen da shi. Ta daɗe a haka, har na soma tunanin ko in kawo mata ruwa.

Can ta ce, ƙasa-ƙasa, ba da kowa take ba, "Ashe yarinya ne."

Ta juyo wajen ɗanta. "Ka gani? Ni ina ta neman fuskan tsoho a kaina, shi ya sa ban samu ba. Ashe yarinya ne. Jikokina ma sun girme shi."

Masta ya sunkuyar da kai yana goge ido da bayan hannu. Anti ta fita baranda, ta ce wai za ta duba ko tasin yana nan.

Ni kuwa, in faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata yana ta tuna mini cewa babu suna a ƙarƙashin hoton, kuma a ƙa'idar aikinmu ba zan iya rubuta cewa an tabbatar ba. Har yau ba ni da wata takarda da za ta tabbatar. Amma na ga yadda ta gane maƙwabciyar kafin ta kai kan uwarta, na kuma ga yatsan nan a kan gilashi, kuma ban ga abin da zan ƙara a kai ba. Muka buga mata hoton ƙarami, daidai ganinta. Masta da kansa ya kwafe sunan ma'ajiyar da lambar hoton a bayansa, harafi bayan harafi, ya ce don in jikoki sun tashi nema kada su sha wahalar da ya sha.

Bayan wasu watanni, na kusa gama hidimata, na bi ta gaban shagonsa ya kira ni. Ya ce idon ya rufe gaba ɗaya. Na soma yi masa jaje, ya ce a'a, tsohuwa tana nan lafiya, tana ta faɗa da kowa kamar da. Kafin idon ya tafi kullum sai ta ɗauko hoton ta kalla bayan sallar asuba idan gari ya waye. Yanzu ta ba shi ya ajiye. Ta ce ba ta buƙatarsa, fuskar tana nan ta zauna.

Shekaru sun wuce, kuma har yanzu wannan aikin nake yi, a wani laburaren da ya fi wancan girma. Ba zan ce na daina tsoro ba, ban kuma ce na daina kuskure ba. Amma abin da ranar nan ta koya mini shi ne, bincike ba a kan kwamfuta yake farawa ba. Yana farawa ne daga mutumin da ke zaune a gabana, da abin da yake nufi, wanda ba lalle ne ya zama abin da na ji ba. Duk iya kalmomi da iya taƙaitawa da na koya wa Masta daidai ne, kuma ya iya su, amma sun yi ta kai shi nesa da kakarsa saboda ban yi masa tambaya ɗaya mai sauƙi ba, kuma da na ga yana yin abin da ban gane ba, na zauna ina hasashe maimakon in buɗe baki. Yanzu duk wanda ya zo, ko farfesa ne, ba na barinsa ya taɓa komai sai ya ba ni labarin abin da yake nema har na gan shi yadda shi yake ganinsa. Ba na danna akwatin da ban gaya masa sunansa ba. Idan kuma wani ya ce mini kakansa yake nema, nakan ajiye kunya gefe in tambaya: mace ko namiji?